Fitowa ta Uku: Nazarin Wani Gajeren Fim na Ɗalibai da Sautinsa Ya Lalace

A kwas ɗin da nake koyarwa a sashen nazarin kafofin yaɗa labarai, aikin ƙarshen zango shi ne gajeren fim. Sharuɗɗan ba su da yawa. Kada fim ya wuce minti biyar har da sunayen ma'aikata, ɗalibai biyar a kowane rukuni, mako shida daga ranar ba da aiki zuwa ranar miƙawa. Sashe yana ba da aron kyamara ɗaya da ƙafarta, da na'urar naɗar sauti, da makirfo mai sanda, da fitilu biyu, na kwana biyu kacal ga kowane rukuni, domin kayan ba su wadaci kowa a lokaci guda ba. Ana ba da maki a kan takardun shiri, da fim ɗin kansa, da rahoton da kowane ɗalibi zai rubuta kan abin da ya yi da hannunsa.

Rukunin da zan yi magana a kansa ya fi kowa tsari a makonni ukun farko. Shi ya sa abin da ya same su ya tsaya mini a rai, har ya sa na sauya yadda nake koyar da kwas ɗin.

Sun raba aiki tun ranar farko. Wadda ta kawo labarin ita ta zama darakta. Ɗaya ya ɗauki shiryawa, wato neman wuri da 'yan wasa da tsara jadawali. Ɗaya yana da sha'awar hoto tun kafin ya shigo jami'a, sai aka bar masa kyamara. Ta huɗu ta iya kwamfuta, ta karɓi tacewa. Na biyar bai samu zuwa zaman farko ba, da ya zo zama na biyu ya tarar saura aiki ɗaya, sauti, sai aka miƙa masa. A lokacin ban ga aibun haka ba. Kusan kowane rukuni haka yake yi.

Labarin da rage shi

Labarin na wata budurwa ce da ke jinyar mahaifinta. Takardar gurbin karatu ta zo mata daga wani gari mai nisa, ta ɓoye ta, domin ba ta ga wanda za ta bar wa jinyar ba. Mahaifin kuwa ya riga ya ga takardar, yana jira ne ta faɗa da bakinta.

Rubutun farko da suka kawo mini shafi goma sha ɗaya ne, fitowa tara, wurare biyar, 'yan wasa bakwai. A tsarin rubutun fim da aka saba, da harafin Courier mai girman 12, ana ƙiyasta shafi ɗaya a matsayin minti ɗaya a kan allo. Ƙiyasi ne, yakan ɗan saɓa, amma ba ya saɓawa har shafi goma sha ɗaya su shiga minti biyar. Da na faɗa mata haka, daraktar ta ce, "Malam, idan aka rage labarin nan mutuwa zai yi." Na ce ta faɗa mini labarin a jimla ɗaya. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Tana tsoron faɗa masa abin da ya riga ya sani." Na ce to duk fitowar da ba ta yi wa jimlar nan hidima ba, ta duba ko fim zai tsaya ba tare da ita ba.

Ɗalibai sukan ɗauki minti biyar a matsayin ƙanƙancin da aka yi musu. Nakan tuna musu cewa finafinan da 'yan'uwan nan biyu Faransawa, Lumiya, na sahun farko a harkar fim, suka nuna wa masu biyan kuɗin kallo a birnin Faris ranar 28 ga Disamba, 1895, kowannensu bai kai minti ɗaya ba. Gajeren fim yana da nasa gini. Yana ɗaukar abu ɗaya ne, a lokaci ɗaya, ya matse shi.

Bayan kwana huɗu suka dawo da shafi huɗu da rabi. Ƙawar da ke ba da shawara ta fita, likita ya fita, fitowar tashar mota ta fita. Aka bar mutum biyu, wuri biyu, fitowa huɗu. Ta uku ita ce ƙashin bayan fim ɗin: uba da 'ya a ɗaki, hira ta kusan minti biyu, inda gaskiya ke fitowa.

Takardun shirinsu abin koyi ne. Sun zana hotunan labarin ɗaya bayan ɗaya, sun fitar da jerin hotuna 31 da za a ɗauka, sun kuma jera su bisa inda kyamara za ta fuskanta maimakon bin tsarin labari, don kada a yi ta kwashe fitilu ana mayarwa. Sun ware kusan minti ashirin ga kowane sauyin wurin kyamara, wanda ga sababbin hannu ba yawa ba ne. 'Yan wasan biyu da mai gidan da aka ara duk sun sa hannu a takardar amincewa. Har gwaji sun yi, inda suka gano cewa wayar da suke son amfani da ita a matsayin kyamara ta biyu tana sa hasken fitilar ɗakin yana ƙyaftawa a hoto. Dalili shi ne wayar na ɗaukar firam 30, wato hotuna 30 a jere, a daƙiƙa, wutar wurin kuma mai bugu 50 ce a daƙiƙa. Suka saita komai zuwa firam 25, da saurin rufewar idon kyamara na 1/50 na daƙiƙa, ƙyaftawar ta ɓace. Na yaba musu ƙwarai, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Sun je duba ɗakin sau biyu. Sun auna faɗinsa, sun lura da inda taga ke kallo da lokacin da rana ke shigowa, sun ƙirga wuraren jona wuta, sun ɗauko hotuna fiye da arba'in. Abu ɗaya ne ba su yi ba, kuma ni ma ban tambaye su ba: babu wanda ya ce kowa ya yi shiru na minti ɗaya a saurari ɗakin.

Kwana na biyu

Kwanan farko na ɗauka ya tafi lafiya, ba sai na tsaya a kansa ba. Sun ɗauki fitowar waje da sassafe kafin rana ta yi zafi, sun gama hotuna goma sha bakwai, sun kwafe katin ajiya a wuri biyu kafin su goge shi.

A kwana na biyu, dattijon da ke fitowa a matsayin uba ya makara da awa biyu. Ba ɗalibi ba ne, taimako ya zo yi, ba kuma wanda zai iya yi masa magana. Kafin ya iso, hasken tagar da suka yi lissafi da shi ya fara gushewa daga kan gado. Kayan aro kuma dole a mayar da su da yamma. Daga nan sauri ya shiga aikin.

Mai kyamara ya ba da shawarar a ɗauki hirar gaba ɗaya a hoto mai faɗi, wanda zai nuna uban a kan gado, 'yar a bakin ƙofa, da tazarar da ke tsakaninsu. Hoton yana da kyau, na gan shi, kuma yana faɗin wani abu game da labarin. Amma faɗinsa ya tilasta a ɗaga makirfo sama a ja shi baya don kada ya shigo hoto, har ya koma kusan mita biyu daga bakin masu magana.

Nan ne lissafin ya juya musu. A buɗaɗɗen fili, duk lokacin da tazarar makirfo daga mai magana ta ninka, ƙarfin muryar da ke isa gare shi yana raguwa da kimanin desibel 6 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne). Daga rabin mita zuwa mita biyu ninki biyu ke nan, wato asarar kusan desibel 12 na muryar da ke zuwa kai-tsaye. Ƙarar da ke cikin ɗakin kuwa ba ta ragu ba, haka ma amsa-kuwwar da ke dawowa daga bango da siminti. A kusurwar ɗakin akwai firiji. A bayan bangon akwai injin jan ruwa da ke tashi ya mutu da kansa. Kunnen mutum yana tace irin waɗannan ƙararraki har ya manta da su, domin ƙwaƙwalwa tana zaɓar abin da take son ji. Makirfo ba ya zaɓe. Da mai sauti ya ga allurar na'urarsa ba ta motsi sosai, sai ya ƙara ƙarfin naɗa, ya ɗaga murya da firiji da inji gaba ɗaya.

Abin da ya fi damuna na same shi ne a rahotonsa. Hedifon yana kunnensa, ya ji ƙarar. Ya rubuta cewa ya yi niyyar magana sau biyu, amma kowa na duba agogo, darakta ta gaji, dattijo yana zaune yana jira, shi kuma bai ga cewa shi ne zai tsayar da mutum shida saboda firiji ba. Ya ɗauka za a gyara a kwamfuta. Mai kyamara ya tsayar da ɗauka sau huɗu a ranar saboda hoto ya fita daga saiti, ba wanda ya ga laifinsa. Mai sauti bai tsayar ko sau ɗaya ba. Kashe firijin ba zai ci daƙiƙa goma ba.

Sun yi hoto mai faɗi sau biyar. Da lokaci ya ƙure, suka ɗauki hotunan kusa na fuskokin biyu a gurguje, sau ɗaya ɗaya, ba su ma kai ƙarshen hirar ba. Ba a naɗi shirun ɗaki ba, wato daƙiƙa talatin zuwa sittin na sautin wurin ba magana, wanda mai tacewa ke cike giɓi da shi.

A teburin tacewa

Kwana uku bayan haka mai tacewa ta zo ofishina da kwamfutarta. Ta ce, "Malam, ka saurari wannan." Na saurara. Muryar uban tana can nesa kamar daga cikin rijiya, gurnanin firiji ya shimfiɗe a ƙarƙashinta, injin kuma yana nan a wata ɗauka, babu shi a wata, ta yadda duk inda aka yanka hoto sai kunne ya ji tsalle. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a fim mai kallo yakan yafe hoto mai ɗan duhu ko girgiza, idan kuwa bai ji abin da ake faɗa ba, ya bar fim ɗin ke nan ko da idonsa na kan allo.

Sun fara da manhajar rage ƙara, a Audacity da kuma DaVinci Resolve, waɗanda duka ana samunsu kyauta. Irin wannan manhaja tana aiki sosai idan ƙarar iri ɗaya ce ba ta sauyawa, kuma murya ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. A nan muryar da ƙarar kusan kai ɗaya suke. Da aka matsa, firijin ya ragu, muryoyin kuma suka koma kamar ana magana a ƙarƙashin ruwa. Amsa-kuwwar ma tana nan, domin ita muryar ce da kanta ta dawo daga bango.

Sake ɗauka bai yiwu ba. Kayan sashe suna hannun wasu rukunoni har zuwa ranar miƙawa, dattijon kuma ya yi tafiya. Suka gwada ɗora murya. Jarumar ta zo ta maimaita maganganunta tana kallon hoton, ta yi ƙoƙari. Dattijon ya naɗo nasa a waya ya turo, amma karantawa ya yi, babu nauyin da ya sa a ranar ɗauka, kuma bai dace da motsin bakinsa ba. Da aka haɗa, sai ka ji mutum biyu a ɗakuna daban-daban.

Saura kwana tara, mai tacewa ta kawo shawarar da ta raba rukunin: a cire hirar. Daraktar ta ƙi, kuma na fahimce ta. Shafi biyun nan su ne mafi kyawun abin da ta rubuta, saboda su ta yarda aka yanke sauran labarin. Sun yi kwana biyu ba sa jituwa. Da suka zo wurina ban yanke musu hukunci ba, domin fim ɗinsu ne. Na ce kawai a ba mai tacewa dare ɗaya ta haɗa abin da take nufi, sannan a yi gardama a kan abin da ido ya gani.

Abin da ya ba ta dama wata ɗabi'a ce ta mai kyamara. Yakan kunna kyamara tun kafin darakta ta ce a fara, ya bar ta tana tafiya bayan an ce a tsaya. Saboda haka akwai daƙiƙu masu yawa na fuskar dattijon yana zaune shiru, da na jarumar tana kallon ƙasa tana jiran umarni. A lokacin da suke jiran isowar dattijon kuma, don kada ya zauna haka nan, ya ɗauki ƙananan hotunan da ba sa cikin jeri: hannu yana juya cokali a kofin magani, gefen takarda ya leƙo daga ƙarƙashin matashi, labule yana motsi.

Tun wajajen 1920 Lef Kuleshof, mai shirya fim ɗan Rasha, ya nuna cewa idan aka ɗauki fuska ɗaya da ba ta nuna komai aka jera ta da hotuna daban-daban, mai kallo zai karanta yunwa ko baƙin ciki ko sha'awa a fuskar, gwargwadon abin da ya biyo ta. Mun yi wannan darasi a mako na uku na kwas, sun rubuta shi a jarrabawa. A daren nan ne mai tacewa ta yi aiki da shi. Fuskar dattijon da ke jiran a gyara fitila, da aka sa ta bayan hoton takardar, ta zama fuskar uban da ya san komai.

Daga hirar minti biyu, jimla uku kawai suka tsira, dukansu daga hotunan kusa inda makirfo ya matso. 'Yar ta shigo da kofi ta ce, "Baba, ga maganin." Shiru. Hannunsa, takardar, fuskarta. Sannan ya ce, "Ajiye nan. Yaushe za a fara karatun?" Fitowar ta koma daƙiƙa hamsin. Da daraktar ta gani, ta nemi a ƙara daƙiƙa uku a kan fuskar jarumar bayan tambayar, ba ta sake maganar hirar ba.

Fitowar da babu magana ta fi bukatar sauti, domin shiru na gaske, wanda babu komai a cikinsa, kunne yana jinsa kamar na'ura ce ta lalace. Mai sauti ya nemi a bar masa wannan. Ya ari na'urar naɗa daga wani rukuni na awa biyu, ya koma ɗakin da dare, ya kashe firiji, ya jira injin ya mutu. Ya naɗi shirun ɗakin na minti biyu, da ƙarar cokali a kofi, da motsin takarda, da takun ƙafa, da ƙarar gado idan an zauna, kowanne da makirfo a kusa, a kan kilohaz 48, ma'aunin naɗar sauti da aka saba amfani da shi a bidiyo. Ya kwana biyu tare da mai tacewa suna ɗora kowane sauti a kan hotonsa. Shi ne ya ba da shawarar a fara jin cokalin tun kafin a ga kofin, don sautin ya ja mai kallo zuwa cikin ɗakin. Wannan ne karo na farko da na ji ya kawo shawara a rukunin.

An ɗan samu tangarɗa kan kiɗa. Sun ɗora wata sananniyar waƙa tun farkon tacewa har sun saba da ita, na ce a cire, domin ba su da izinin mai ita. Wanda suka samo a madadinta yana ƙarƙashin lasisin Creative Commons, tsarin ba da izinin amfani da aiki kyauta bisa sharaɗi, mai alamar ND, wadda ta hana sarrafa aiki, kuma a ƙa'idar lasisin ɗora kiɗa a kan hoto mai motsi sarrafawa ne. Suka sake nema har suka samu mai alamar BY, wanda sharaɗinsa a ambaci mai shi. A ƙarshe ma a kan sunayen ma'aikata kaɗai suka sa shi.

Abin da aka samu da abin da aka rasa

Fim ɗin ya fito a minti uku da daƙiƙa hamsin. Ranar da aka nuna shi a aji, ɗakin ya yi tsit a fitowa ta uku, kuma tambayar uban ta yi aikin da shafi biyu suka so yi.

Ba na so a ɗauki wannan a matsayin labarin kuskuren da ya zama alheri, domin an yi asara. A cikin hirar da aka cire ne uban ya bayyana wanda zai ci gaba da jinyarsa. Da aka cire, ɗalibai biyu a aji suka tambaya ko 'yar ta tafi ta bar shi shi kaɗai ne, wanda ya sauya yadda ake kallonta, kuma ba haka marubuciyar ta nufa ba. Akwai kuma wuri ɗaya da idon uban ke kallon hagu alhali 'yar tana dama, saboda hoton an ɗauke shi ne lokacin da yake kallon mai fitila. Mai lura zai gani. Da an kashe firiji an matso da makirfo, da suna da hirar a hannu, su zaɓi abin da za su rage da son ransu. Abin da suka yi dole ce ta sa su, kuma ya yiwu ne kawai saboda mai kyamara ya ɗauki abin da ba a ce ya ɗauka ba.

A wajen maki, sun samu mafi girma a takardun shiri, matsakaici mai kyau a fim. Rahoton mai sauti shi ne mafi kyau a ajin, domin ya bayyana abin da ya ji, da dalilin da ya sa bai yi magana ba, da yadda ya gyara, ba tare da ya ɗora wa kowa ba.

Da na koma kan jadawalin kwas ɗin, na ƙirga lacca huɗu a kan hoto da haske, ɗaya a kan sauti, ita ma rabinta tarihi ne. Takardar duba wuri da nake ba su tana tambayar taga da wuta da faɗin ɗaki, babu layi ko ɗaya a kan abin da kunne ya ji. Ɗaliban sun ɗauki sauti da irin nauyin da na ba shi.

A zangon bana na sauya abu uku. Takardar duba wuri ba ta cika sai an haɗo da sautin wurin na minti ɗaya, wanda aka naɗa a daidai lokacin da za a yi ɗauka. A mako na biyu kowane rukuni zai ɗauki hirar daƙiƙa talatin sau biyu, makirfo a rabin mita da kuma a mita biyu, mu saurara tare a aji da fitila a kashe. Sannan na rubuta a takardar aikin cewa bayan kowace ɗauka darakta zai tambayi mai kyamara, ya tambayi mai sauti, kuma ba a matsawa gaba sai dukansu sun ce ya yi. Zuwa mako na uku, rukuni biyu sun sauya ɗakin da suka zaɓa bayan sun saurari abin da suka naɗo.